Sunan da Sakinatu Ba Ta Kira

Asabar, bayan la'asar

Yau na ga fuskar Tasnim a wayar wani mai raksha, keken hayan nan mai ƙafa uku. Ya tsaya shan shayi a wajena, bakin titin da ke shiga Dar Salam, yana ta latse-latse, sai kawai ya juyo mini wayar ya ce, "Hajja Hannatu, wannan ba 'yarki ba ce?"

Ita ce kuwa. Tana zaune a kan bulo gaban takiyyar unguwarmu, inda ake dafa wa mutane adas, ɗan ƙaramin waken nan, kyauta, kwano a cinya, tana ta zuba zance. An rubuta sunanta a ƙasa da Larabci da Turanci, har da shekarunta goma sha biyu. Wata murya ta tambaye ta ina babanta. Yarinya ce, me ta sani? Ta ce sunansa Hussein, makanike ne a Alshajara, bai gudu ba lokacin da kowa ya gudu saboda yaƙi, ya ci gaba da gyaran motoci. Aka ce motocin su wa. Ta faɗa. Aka ce yanzu yana ina. Ta faɗi sunan garin, har da cewa bayan kasuwar hatsi yake kwana.

Ban san lokacin da na zuba wa mutumin gishiri a shayi ba.

Hussein ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tasnim ce 'yarsa ta fari, kuma ranar da aka yaye ta aka kawo mini ita riƙo, da ɗan zanenta da kwalbar man shafawa. Tun daga ranar ba ta kwana a ɗakin kowa ba sai nawa. Wata ƙungiyar agaji ce ta ɗauki hoton bidiyon, ta ɗora a shafinta don duniya ta ji tausayinmu. Ni dai ba wanda ya tambaye ni.

Ba zan rubuta motocin su wa ba. Duk wanda ya zauna a Hartum a shekarun nan ya san in an tsaya a ƙofar garejinka da abu a kafaɗa, ba a tambayarka ko kana so. Ya kuma san abin da ake yi yanzu da waɗanda aka nuna da yatsa. Sunan garin ma ba zan rubuta ba.

Lahadi, da hantsi

Na je na sami Jatau, tsohon nan da ke tsara layi a takiyya. Ko gaisuwa ban tsaya na ƙarasa ba, Allah ya yafe mini.

Na ce, "Baba Jatau, wa ya ba mutanen nan izinin ɗaukar yarinyata?"

Ya ce, "Af, ni ne mana. Sun ce ina waliyyinta, na ce ga ni, 'yata ce. Suka ce in faɗa a waya cewa na yarda, na faɗa."

Na ce, "'Yarka? A wane ɗakin?"

Har ya ji haushi fa! Ya ce, "Ke Hannatu, tare muka ciri auduga da kakanta a Jazira. In ba 'yata ba ce, 'yar wa ce? Ƙarya na yi?"

Abin takaicin ke nan, a wajensa bai yi ƙarya ba. Kowane yaro a layin nan ɗansa ne, haka muka tashi muka tarar. Su kuma ba su nemi takarda ba, ba su tambayi yarinyar ko ta san shi ba, sun ga furfura da carbi sun ce shi ke nan. Da na gaya masa abin da ta faɗa a cikin hoton, sai ya zauna a ƙasa, ludayi a hannu, ya ce shi yana can wajen tukunya, bai ji ba. Na bar shi yana salati.

Lahadi, bayan magariba

Na kira Hussein. Na ce masa ya bar kwana inda yake kwana. Ya yi dariyar nan tasa ya ce, "Yaya, ke dai da tsoro. Wa zai kalli hoton 'yan adas?"

Ni ce da tsoro. To.

Talata, da azahar

Na rufe shayi na tafi ofishin ƙungiyar a cikin Umdurman. Gida ne mai shuɗiyar ƙofa da janareto. Wadda ta karɓe ni sunanta Mayada, yarinya ce 'yar nan, mai gilashi, da ladabinta. Ta ba ni ruwan sanyi. Na sha, don ƙishi ba ruwansa da fushi.

Na ce a sauke hoton yau. Ta buɗe na'urarta ta duba, ta ce akwai izinin waliyyi. Na ce wancan waliyyin tukunya ne. Fuskarta ta canza, na ga dai ta gane. Amma sai ta ce, "Malesh ya Hajja, ki yi haƙuri, babban ofishinmu yana waje, kuma dokar kare bayanan mutane da suke bi ta ce uwa ko uba ko waliyyin da aka tabbatar ne kaɗai zai janye izini a kan yaro. Sai mun tabbatar da ke tukuna."

Na ce, "Da za ku ɗora, bakin tsoho ɗaya ya ishe ku. Yanzu da za ku sauke ne kuka tuna da tabbatarwa?"

Ta ce kuskuren da aka yi ne ya sa yanzu ba za su sake yarda da baki kawai ba. In sun saurari kowa, gobe wani zai zo ya ce shi ne uban wani yaro, ya nemi a ba shi bayanansa. Na ji maganar, ban ce ba ta da kai ba. Amma me ya sa sai a kaina za su fara yin hankali?

Ta nemi takardar haihuwa, ko takardar kotu da ta ba ni riƙo. Na yi dariya har mai gadi ya leƙo. Kotu! Wace kotu ce ta taɓa sanin gwaggo ta ɗauki 'yar ƙanenta? Uwata ce ta miƙo mini ita ta ce ga taki, aka dafa tuwon asida, aka watse.

Laraba, da safe

Har yanzu hoton yana nan. Mai raksha ya ce masu kallo sai ƙaruwa suke yi.

Alhamis, bayan la'asar

Na je Mayo, gidanmu na da, neman takardar haihuwar. Rabona da wurin tun ranar da muka fito da abin da hannu ya iya ɗauka. Mota uku na hau kafin in isa.

Babu ƙofa, babu taga, ko wayar lantarki an zare daga bango. Akwatin ƙarfen da nake ajiye takardu yana tsakar gida a kife, ba takarda ko ɗaya, akuya ta yi kashi a kai. Bishiyar lemon tsamin da na dasa ce kaɗai ta yi kamar ba ta ji labari ba, ta yi 'ya'ya har ƙasa. Na cika bakin tobin da na yafa da lemo na kamo hanya. Ban yi kuka ba, kuma ba zan yi ba. Gobe masu shayi za su sha da lemo.

Asabar, da hantsi

Mayada ta ce akwai wata hanya: a kira uwar ta bidiyo, ta nuna katinta, ta tabbatar da bakinta cewa 'yarta ce, ta janye izinin. Hussein kam ba zai nuna fuskarsa a wayar kowa ba, ban ma kawo sunansa ba. Saura Sakinatu, matarsa, wadda ta koma gidan mahaifinta a wani kambo, sansanin ma'aikatan gona a Jazira, da ƙananan yaran. An sa Litinin. Na aika mata ta je wajen mai sayar da shabaka, wato intanet, a kasuwarsu, ta riƙe katinta.

Na ji sanyi a raina yau. Abu mai sauƙi, uwa ta ce 'yata ce.

Litinin, bayan azahar

Sakinatu! Wayyo Sakinatu, kin kashe ni.

Ta zo kuwa, ta sha tobinta mai ruwan ƙasa, mahaifinta Malam Alu ya rako ta ya zauna a gefe da sandarsa. Ta nuna kati, komai lafiya. Mayada ta ce mata da Larabci, "'Ya'yanki nawa?" Ta ce uku. Huɗu ne fa. Ta lissafo ƙananan, ta tsallake ta farin.

Mayada ta ce, "Yarinyar da ke cikin hoton, 'yarki ce?"

Sakinatu ta ja tobi ta rufe baki ta ce, "Ta Yaya Hannatu ce."

"Mene ne sunanta?"

Sai ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ce, "Ku tambayi Yaya."

Na yi ihu daga bayan Mayada na ce, "Ke, faɗi mana! Ba lokacin kunya ba ne!" Ta ɗago ta dube ni, ta dubi mahaifinta, ta sake sunkuyawa. Kafin in ƙara magana lokacinta na shabaka ya ƙare, fuskarta ta daskare a wayar, baki a rufe.

Mayada ta cire gilashinta ta ce, "Hajja, me zan rubuta? Matar ta ce ba tata ba ce." Na ce ki rubuta cewa ita ce uwar, shi ya sa ba ta faɗa ba. Ta dube ni kamar na zare. Na yi mata bayani: a wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta lissafa shi cikin 'ya'yanta a gaban mutane, balle a gaban ubanta. Kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Ta ce ta yarda da ni, wallahi ta yarda, amma waɗanda za su kalli kiran a can ba za su ga kunya ba, musu za su gani.

Wanda bai haifa ba ya ce 'yata ce, an karɓa. Wadda ta yi naƙudar ta kasa faɗa, an ƙi. Na fito ban yi mata sallama ba.

Litinin, bayan magariba

Sakinatu ta kira tana kuka. "Yaya, gaban Baba fa nake. Bakina ne ya ƙi buɗewa, wallahi na so."

Na zazzage ta tas. Na ce ki riƙe kunyarki da kyau, in an kawo miki labarin mijinki sai ki yafa ta. Nan take na san na wuce gona da iri.

Ni ma ta fari ce a ɗakinmu. Uwata har ta koma ga Allah ban taɓa jin Hannatu a bakinta ba, sai "ke" sai "waccan". Amma ita ce ke ɓoye mini ƙanzon kisra, wainar dawar nan tamu, a gefen zane. Na san abin nan ciki da waje, ba sai an koya mini ba. Sanin bai rage mini fushi ba ko kaɗan.

Laraba, da azahar

Tasnim ta dawo daga makaranta tun kafin a tashi. Ta ce ciwon kai. Da na matsa sai ta ce yara suna kiranta da wani suna, sunan da ba zan rubuta ba, kuma malamar ta ji ta yi kamar ba ta ji ba. Ta kwanta a gadon angare ta juya wa ɗaki baya.

Can ta ce, "Gwaggo, laifi na yi?"

Na ce wanda ya kunna wa yarinya waya a fuska ba tare da ya nemi uwarta ba, shi ya yi laifi. Ke an tambaye ki kin amsa, haka na koya miki. Ba ta juyo ba.

Alhamis, da safe

Wani mutum mai farar jallabiya da ban sani ba ya sha jabana, gahawar nan tamu, har biyu a wajena. Ya yaba citta. Ya ce, "Ƙanenki makaniken nan, yana lafiya? Ina da mota da ta ƙi tashi."

Na ce ƙannena duk mata ne. Ya yi murmushi, ya ajiye finjali a hankali, ya tafi a ƙafa.

Na kira Hussein. A kashe.

Juma'a, bayan an sauko

A kashe.

Asabar, da hantsi

A kashe. Hoton kuma yana nan, yarinyata tana ta faɗin sunan garin ga duk wanda ya taɓa.

Lahadi, da la'asar

Tunda 'yan ƙungiyar ba su san inda nake ba sai da takarda, na kai musu kaina. Da sassafe na ɗora murhu da buta da kujeruna a raksha, na kafa shayina daidai gaban shuɗiyar ƙofar. Mai gadi ya ce ba a zama a nan. Na ce titin na ubanka ne? Ya koma ciki. An jima ya fito ya ce a sa masa madara.

Duk wanda ya shiga ko ya fito, in miƙa masa shayi in ce, "Ni ce Hannatu, gwaggon yarinyar da kuka ɗora. Ba a tabbatar da ni ba tukuna, amma shayin na gaske ne." Wasu su yi dariya, wasu su sunkuyar da kai. Babbansu ya wuce da sauri yana waya, wayar ma na ga ba a kunne take ba.

Baba Jatau ya zo da rana, ban kira shi ba. Ya shiga ya ce musu shi ba uban kowa ba ne a wannan maganar, a goge muryarsa. Suka ce sun rubuta, za a duba. Ya fito ya zauna kusa da murhuna har la'asar. Ban yi masa magana ba, amma na zuba masa shayi.

Talata, da azahar

Mayada ta fito ta zauna a kujerata, idanunta jajur. Ta ce ta rubuta musu sau da yawa, ta yi faɗa da babbansu, ta ce a ɓoye hoton kafin a gama bincike, an ce wanda ke da ikon yin haka yana can waje kuma yana jiran hujja. Abin da ta samo shi ne kira ɗaya, na ƙarshe, ranar Alhamis. Abu uku uwar za ta faɗa: sunanta, sunan yarinyar, da cewa ta janye.

Ta ce, "Hajja, ko za a ce mahaifin nata ya zauna a gida?"

Na ce, "Malam Alu zai bar 'yarsa ta shiga kasuwa ita kaɗai cikin maza? Ba ki san shi ba."

Na kira Sakinatu. Ban yi faɗa ba wannan karon. Na gaya mata labarin mai farar jallabiya, na ce wayar mijinki a kashe take tun Alhamis. Ban ce ta yi komai ba. Na ji numfashinta kawai, sannan ta kashe.

Alhamis, bayan la'asar

Yau kam dole in rubuta.

Tasnim ta ce sai ta bi ni. Mayada ta ce yaro ba ya zama a irin wannan kiran, don haka aka bar ta a baranda. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, ni kuma ban ja ta ba.

Sakinatu ta bayyana. Malam Alu yana gefenta da sandarsa, kamar wancan karon. Bayansu maza ne cike da rumfar, kowa da wayarsa. Na ce a raina shi ke nan, mun sake faɗuwa.

Mayada ta ce, "Sunanki?" Ta faɗa. Ta ce, "'Ya'yanki nawa?"

Sakinatu ta kai hannu ga tobinta, na ɗauka baki za ta rufe, sai na ga ta sauke shi ƙasa da haɓa.

Ta ce, "Huɗu."

"Sunan babbar?"

Ta juya ta dubi mahaifinta ta ce da Hausa, "Baba, ka yafe mini." Tsohon ya kau da kai yana kallon bango. Sannan ta dubi wayar sosai, ta ce da ƙarfi har mazan bayanta suka waiwayo, "Tasnim. Tasnim Hussein. Ni na haife ta, a ɗakin uwar mijina a Mayo, ranar da ruwa ya rushe katanga. Ban ba kowa izini ba. Ku sauke mini fuskar 'yata."

Mayada tana rubutu tana share hanci. Ta ce saura tambaya ɗaya, wa take so a rubuta a matsayin waliyyi a nan Umdurman. Sakinatu ta ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Ni haihuwa na yi. Uwarta ga ta nan bayanki."

Ni fa na ce ba zan yi kuka ba. To, na yi, a gaban mai gadi da kowa.

Da na dawo hayyacina na ce wa Mayada, wannan kiran da kuka naɗa, da fuskar Sakinatu da kasuwarsu, shi ma ban yarda ya kwana a wajenku ba bayan an gama. Ta ce yanzu ina da ikon faɗin haka. Na ce da ma ina da shi, ku ne ba ku sani ba.

Kafin in kwashe murhuna ta fito da gudu ta nuna mini. Inda hoton yake babu komai.

Asabar, da hantsi

Saƙon murya ya shigo daga lambar da ban sani ba. Hussein ne, muryarsa a dushe. Ya ce mutum biyu sun je kasuwar hatsi suna tambaya, mai shagon ya aika masa ya fita ta baya, ko takalmi bai ɗauka ba. Ya ce ya yi nisa, kada mu neme shi, ba zai dawo kusa ba. Ya ce, "Yaya, kin yi gaskiya." Ban so wannan gaskiyar ba.

Yana da rai. Sun sauke, amma sun makara, kuma zan koma in gaya musu haka a fuskarsu, ɗaya bayan ɗaya.

Na sa wa Tasnim saƙon ta ji. Na shirya amsar da zan ba ta in ta sake cewa laifinta ne. Ta saurara har ƙarshe, ta miƙo mini wayar, ta ci gaba da wanke finjalai. Tun ranar Alhamis ba ta ce komai a kan kiran ba, ni ma ban tayar ba.

Sai da ta jera na ƙarshe a tire, ba ta ɗago ba, ta ce, "Gwaggo, ashe ta san sunana."